Daga Kwali Zuwa Lambar Sirri: Tarihin Haƙƙin Mallaka a Cinikin Fina-finan Hausa

Haƙƙin mallakar fasaha, wato ikon da doka ke bai wa wanda ya ƙirƙiri littafi ko waƙa ko fim na ya hana wani kwafar aikinsa ya sayar ba da izininsa ba, ya shigo ƙasar Hausa a rubuce tun shekarar 1912, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa dokar Ingila ta 1911 a kan ƙasashen da ke ƙarƙashinsu, amma sai da aka yi kusan shekara tamanin kafin ya zama abin da ɗan kasuwar Kano ke sakawa a lissafin cinikinsa. Jinkirin yana da dalili, domin al'adar da dokar ta tarar ba ta ɗauki kwafa a matsayin sata ba. A wajen malaman zaure da almajiransu, kwafar littafi da hannu aikin lada ne, kuma abin da ake kishin tsarewa shi ne sunan mawallafi da ingancin matanin da silsilar malaman da aka karɓo karatun daga gare su. Haka nan mawaƙin baka, ko na fada ne ko na jama'a irin su Mamman Shata, arzikinsa yana fitowa daga ubangida da kuma kyautar da ake yi masa a fagen wasa, saboda haka ko da kamfanoni irin su EMI suka fara ɗaukar waƙoƙin Hausa a faifan garmaho, yaɗuwar waƙa ta kowace hanya ƙarin suna ce ga mai ita, suna kuwa shi ke jawo gayyata.

Abin da ya fara sauya wannan yanayi shi ne kaset. A shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya wadata, rediyo mai kaset ya shiga gidaje da shaguna da motocin haya, daga baya akwatin bidiyo ya biyo baya a gidajen masu hali. A daidai wannan lokaci ne hanyoyin shigo da fina-finan waje bisa ƙa'ida suka fara toshewa: dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta taɓa harkar sinima wadda Kwarori suka daɗe suna riƙe da ita, ƙungiyar kamfanonin fim na Amurka ta dakatar da kawo fina-finanta Nijeriya a 1981, sannan karyewar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa sayen fim da kuɗin waje ya gagari masu gidajen sinima. Bukatar kallo kuwa ba ta ragu ba, sai kasuwa ta cike gurbin da kanta. Kasuwar Ƙofar Wambai, wadda aka fi sani da zare da gwanjo, ta zama cibiyar masu kaset, inda ake jera na'urorin bidiyo masu yawa a haɗa su da waya, a saka uwar kaset guda a riƙa zuba ta cikin sauran dare da rana. Fina-finan Indiya da na Amurka da na Sin suna isowa ta hanyoyi irin na Dubai, tare da su kuma ana kwafar karatun Alƙur'ani da wa'azin malamai da waƙoƙin bege da na makaɗa. Masanin halayyar al'umma Brian Larkin, wanda ya yi bincike a kasuwar a shekarun 1990, ya nuna cewa wannan sana'a da doka ke kira satar fasaha ita ce ta gina injina da jari da hanyoyin rarraba kaya da amanar bashi tsakanin manyan dillalan Kano da abokan cinikinsu na Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram da zangunan Gana da arewacin Kamaru, waɗanda daga baya fim ɗin Hausa ya hau kansu ya yi tafiya.

Gwamnati ba ta yi shiru a wannan tsakani ba, sai dai hankalinta yana kudu. Dokar soja ta 1970 ta maye gurbin ta Ingila, amma hukuncinta ya yi sauƙi ƙwarai, kuma ba ta kafa wata hukumar da za ta aiwatar da ita ba. Matsin lambar mawaƙan Legas da kamfanonin buga littattafai ne ya haifar da doka mai lamba 47 ta 1988, wadda a ƙarƙashinta aka kafa Majalisar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya a 1989, aka kuma ɗaga ta zuwa hukuma a 1996. A Kano tasirin dokar bai taka kara ya karya ba a farkon lamari, domin masu kayan da ake kwafa suna Bombay da Hollywood, babu mai zuwa kotun Kano ya shigar da ƙara a madadinsu.

Matsalar ta zama ta gida ne a 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, kuma wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi domin kasuwa. Daga wannan lokaci mai fim ya zama maƙwabci, mutumin da ake haɗuwa da shi a masallaci da wajen ɗaurin aure, ga shi kuma ba shi da wata hanyar kai kayansa ga masu kallo sai ta hannun mutanen da sana'arsu ita ce kwafa. Maganin da ɓangarorin biyu suka samo a cikin shekarun da suka biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa, domin babu lauya ko jami'in gwamnati da ya tsara shi. Furodusa, wato wanda ya zuba kuɗi ya shirya fim, yakan miƙa uwar kaset ga 'yan kasuwa, su kuma su sayi kaset ɗin da babu komai a ciki da kuɗinsu su zuba fim ɗin da injinansu. Abin da furodusa ke riƙewa a hannunsa shi ne kwali, wato bangon takarda mai hotunan 'yan wasa da sunan fim da ake sanya kaset a ciki, wanda shi kaɗai ke da ikon bugawa, kuma shi yake sayar wa 'yan kasuwa a ƙidaye. Kaset ɗin da ke cikin kwalin furodusa shi ne halattacce, wanda kuwa aka sayar tsirara ko a cikin kwalin jabu shi ne na sata. Ta haka haƙƙin da doka ta siffanta a matsayin abu marar jiki ya koma takarda da ake iya ƙirgawa a ɗaure a dami, a rubuta a littafin bashi, a kuma mayar wa mai ita idan ba ta shiga ba.

Hikimar tsarin ita ce ya raba hasara tsakanin mutum biyu, ya kuma mayar da wanda ya fi kowa iya satar fim mai tsaronsa, domin ɗan kasuwar da ya sayi kwali ɗari biyar ba zai yarda maƙwabcinsa ya karya masa ciniki da kaset marar kwali ba. A wancan lokaci ƙungiyar masu sayar da kaset ita ke tsara ranar fitar fim, ita ke sasanta rikici, ita ke hukunta ɗanta da tara ko da ƙaurace masa, kuma a kasuwar da kowa ke rayuwa da bashi, rasa amana ya fi zaman kotu ciwo. Sai dai tsarin yana da nasa zalunci, wanda bai kamata sha'awar hikimarsa ta rufe ba. Sau da yawa furodusa ba ya karɓar kuɗinsa sai bayan kaya sun shiga, ba shi da hanyar sanin adadin kaset ɗin da aka zuba a bayan idonsa, kuma duk wanda 'yan kasuwa suka juya wa baya fim ɗinsa ya mutu tun kafin ya fita. Masu ba da hayar kaset da masu gidajen kallo suna cin riba da kwafi guda ba tare da wani kaso ya koma ga mai fim ba. Ikon ƙungiya kuma yana ƙarewa ne inda sanayya ta ƙare, saboda haka kaset ɗin da ya tsallaka iyaka zuwa Nijar, ƙasar da ke bin tsarin haƙƙin mallaka na ƙasashen rainon Faransa a ƙarƙashin yarjejeniyar Bangui ta 1977 wadda Nijeriya ba ta ciki, ya fita daga hannun mai shi baki ɗaya.

Duk da haka, a kan wannan tsari ne masana'antar ta bunƙasa. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna irin kuɗin da rawa da waƙa ke iya kawowa, kuma a shekarar ce mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta laƙaba wa masana'antar sunan Kannywood. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, an yi ta ne domin tarbiyya, amma rajistar da ta wajabta wa masu shiryawa da masu sayarwa ta ƙara wa harkar wani tsari na hukuma. Yana da kyau a faɗa, ko da a gefe ne, cewa masana'antar da ke kukan satar fasaha ita ma ta yi shekaru tana ɗauko labarai da karin waƙoƙi daga fina-finan Indiya ba tare da neman izini ba, al'amarin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kansa, kuma wannan ya rage wa kukan nata ƙarfi a kunnen masu saye.

Faifan CD, wanda ya kori kaset a cikin shekarun 2000, shi ne ya fara kwance wannan ƙulli. Kaset yana da wani tsaro na halitta, domin duk lokacin da aka kwafa daga kwafi hoto yana dusashewa sauti yana shaƙewa, har a kai matakin da ba ya kalluwa, saboda haka wanda ke riƙe da uwar kaset yana da fifiko a kan kowa. Bayanan da ke kan faifai kuwa lambobi ne, kuma kwafi na dubu daidai yake da na farko, ga shi nau'in VCD da ya mamaye kasuwannin Afirka ta Yamma ba shi da wani makulli ko kaɗan. Ko faifan DVD da kamfanonin Amurka da Japan suka sanya wa makullin da ake kira CSS bai tsira ba, domin a 1999 aka saki manhajar da ke buɗe shi, wadda wani matashi ɗan Norway mai suna Jon Johansen yake cikin waɗanda suka rubuta. Buga faifai da yawa kuma aikin masana'anta ne, masana'antun kuwa suna Legas, kusa da kasuwar Alaba, inda ƙungiyar Ƙofar Wambai ba ta da ta cewa. Da furodusoshi suka ga ba za su iya ƙirga abin da ake bugawa ba, sai da yawansu suka koma sayar da haƙƙin CD ɗungurungum ga ɗan kasuwa guda a kan kuɗi ƙayyadadde, riba ko hasara ta zama tasa, wanda hakan ya ƙara wa 'yan kasuwa iko har suka zama su ke zaɓen labari da 'yan wasa. Gyaran dokar da aka yi a 1999 ya bai wa Hukumar Haƙƙin Mallaka ikon wajabta tambarin tsaro mai ƙyalli a kan kaya, a 2005 aka ƙaddamar da shirin yaƙi da satar fasaha mai suna STRAP, a 2006 kuma aka fitar da ƙa'idojin sa ido a kan masana'antun faifai, amma dukkan waɗannan matakai an gina su ne a kan zaton cewa fim zai ci gaba da zama a cikin wani abu da jami'i zai iya kamawa ya ƙona.

Wayar salula ce ta rushe wannan zato. Layukan GSM sun fara aiki a Nijeriya a 2001, kuma cikin shekara goma wayoyin Sin masu araha masu ɗaukar memori, wato ɗan guntun katin ajiyar bayanai, suka cika kasuwanni irin su Farm Centre a Kano. Daga nan wata sabuwar sana'a ta bayyana, ta masu tura fina-finai, waɗanda jarinsu bai wuce kwamfuta guda da teburi da lema a bakin titi ko tasha ba, suna zuba wa mutum fina-finai da waƙoƙi a waya a kan kuɗin da bai kai na faifai guda ba, shi kuma ya tura wa abokansa kyauta ta Bluetooth. A nan babu kwali, babu faifai, babu dila babba da za a kama, domin kowane mai saye ya zama mai rarrabawa. Sai kuma fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa, wadda kamfanin Algaita ya yi fice da ita, ta zo ta raba masu kallo da fim ɗin gida da kayan da ba a kashe kuɗin ɗauka a kansu ba. Kafin ƙarshen shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe, shagunan fim da yawa suka koma sayar da kayan waya, har ta kai masu shirya fim sun koma neman sulhu da masu turawa, suna sayar musu da fim kai tsaye domin a samu ko da kaɗan ne, kamar dai yadda magabatansu suka yi da masu kaset shekara ashirin da biyar kafin nan.

Mafitar da aka nema ta bi hanyoyi da dama, kuma kowace hanya ƙoƙari ce ta samo wata ƙofa ƙunƙuntacciya da mai fim zai tsaya a bakinta ya karɓi kuɗi. Wasu sun koma haska fim a sinima kafin sakinsa, musamman bayan buɗe sinimar zamani a rukunin shagunan Ado Bayero. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo tsarin shiri mai dogon zango da talla ke ɗaukar nauyinsa, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Hanyar da ta fi sauya sana'ar ita ce YouTube, inda shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina suka tara miliyoyin masu kallo daga 2020, kuma inda ake bayar da fim kyauta a karɓi kuɗi daga masu talla, dandalin ya riƙe kashi 45 cikin ɗari ya bai wa mai tasha 55. Tsaron haƙƙi a wannan dandali ya samo asali ne daga dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA, wadda ta kuɓutar da dandali daga alhakin abin da mutane suka ɗora muddin yana saukewa idan mai haƙƙi ya kai ƙorafi, da kuma na'urar Content ID da aka fara amfani da ita a 2007, wadda ke adana hoton yatsan kowane sauti da bidiyo da aka yi wa rajista tana kwatanta shi da duk abin da aka ɗora. Tashar da ƙorafi uku suka tabbata a kanta ana iya rufe ta. Sakamakon wannan shi ne rikicin haƙƙi tsakanin mutum biyu da ke zaune a unguwa ɗaya a Kano yanzu ana yanke shi bisa dokar wata ƙasa da ƙa'idar wani kamfani, kuma wanda ya riga yin rajistar waƙa yana iya karɓe kuɗin tallarta ko da ba shi ya yi ta ba, har sai mai ita ya bi matakan ɗaukaka ƙara da Turanci.

Da dukiyar mai fim ta koma cikin tasha, tsaronta ya koma kan lambar sirri da adireshin imel da layin wayar da aka buɗe ta da su. Ɓarawon wannan zamani ba ya bukatar kwafar fim ɗaya bayan ɗaya, ya isa ya aiko da saƙon yaudara mai kama da tayin talla ko gargaɗi daga dandali, mai tasha ya latsa ya shigar da lambarsa, a wayi gari tashar da mabiyanta da kuɗinta sun koma hannun wani. Wannan ne ya sa tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman wata lamba ta daban da ake aikowa waya bayan lambar sirri, ta zama wajibi ga masu karɓar kuɗi a dandalin. Akwai kuma rikicin da ba na ɓarayi ba, inda furodusan da bai iya kwamfuta ba ya sa wani yaro ya buɗe masa tasha da imel ɗin yaron, ranar da suka ɓata kuwa a wajen dandali yaron ne mai tasha.

Sayar da fim ko littafi kai tsaye ga mai saye ta intanet ya jira samuwar hanyar biya da mutane za su amince da ita. Kamfanin Interswitch, wanda aka kafa a 2002, ya haɗa bankuna a kan layi guda, tura kuɗi nan take tsakanin bankuna ya fara a 2011, tsarin rage amfani da tsabar kuɗi na Babban Bankin Nijeriya ya fara a Legas a 2012 ya iso Kano a 2013, lambar BVN da ke ɗaure kowane asusu da yatsun mai shi ta zo a 2014, dokar laifukan intanet ta biyo baya a 2015, sannan kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave suka sauƙaƙa wa ƙaramin mai sana'a karɓar kuɗi ta kati. A kan wannan ne manhajoji irin su Northflix suka gwada tsarin biyan kuɗin kallo, inda fim ke zaune a kulle cikin manhaja, ko da yake kullewar ba ta hana mai niyya ɗaukar allon da wata wayar ba, kuma tsadar data da sabon kallon kyauta sun taƙaita yawan masu biya.

Marubutan ƙagaggun labarai, waɗanda akasarinsu mata ne kuma magada adabin kasuwar Kano na shekarun 1980 da 1990, sun bi hanyar da ta fi kowace kama da tsohon tsarin amana. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, idan labari ya kama mai karatu sai ta sanar da kuɗin ci gaba da lambar asusu, wanda ya biya ya turo shaidar biya a saka shi a zauren masu biya. Barazanar da take fuskanta iri biyu ce, wato shaidar biya ta bogi da ake haɗawa da manhaja, da kuma mai karatun da ya biya sannan ya fitar da littafin zuwa wasu zauruka, kuma makaminta a kan na biyun yawanci bai wuce Allah ya isa da take rubutawa a saman kowane shafi ba, wanda ga dukkan alamu yana hana wasu, tunda ba a daina rubuta shi ba. Waɗanda suka nemi tsaron da ya fi wannan a manhajar OkadaBooks, wadda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafai a cikinta, sun gamu da wani haɗari na daban lokacin da aka rufe ta a ƙarshen 2023, domin kasuwar da suka gina a cikinta ta tafi tare da ita.

Doka ta iso wannan fage a makare kamar yadda ta saba. Yarjejeniyoyin intanet na Hukumar Kula da Haƙƙin Fasaha ta Duniya, waɗanda aka ƙulla a 1996, sai a 2017 Nijeriya ta tabbatar da su, kuma sai a watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta soke ta 1988. Sabuwar dokar ta amince da kwafin da ke cikin na'ura a matsayin kwafi, ta haramta karya makullin da mai aiki ya sanya wa aikinsa, ta tsara yadda mai haƙƙi zai aika wa kamfanin intanet sanarwar sauke abin da aka sata, ta kuma bai wa Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ikon toshe shafukan da suka shahara da satar fasaha. Waɗannan tanade-tanade suna aiki ne a kan abin da ke da adireshi a intanet da kamfanin da za a aika wa takarda, alhali kaso mai yawa na fina-finai da littattafan Hausa yana yawo ne daga waya zuwa waya ta manhajar Xender da memori da zaurukan WhatsApp masu rufaffen saƙo, inda kamfanin kansa ba ya ganin abin da ake turawa.